Rufin Hajiya da Rana Tsaka

Assalamu alaikum masu bin labarina. Masu zagina a ƙasan rubutu, na ga saƙonku, Allah ya ƙara muku data. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga ni a taƙaice.

Ni 'yar mai haɗa sola ce. Babana ke ɗora wa mutane fanel a rufi, ya haɗa musu batir da inbata su samu wuta, ya kuma kafa musu tankin da rana ke dafa wa ruwa. Tun da ya zamo daga tsani ƙugunsa ya goce, hawa ya gagare shi. Shi ke tsayawa ƙasa da sandarsa yana ba da umarni, ni ke hawa. Rigar aiki, hular kwano, ƙyalle a fuska saboda rana. Duk wanda ya ɗaga kai ya hango ni, yaron Baba yake ɗauka. Ba mu taɓa ce wa kowa eh ba, ba mu kuma ce a'a ba.

Mutum ɗaya ne a waje ya san ba yaro ba ne. Mai kemis ne, dogo, mai gilashi. Ranar da muka yi aiki a gidansu, Baba ya roƙe shi ya riƙe min tsani, da na sauko na zame ƙyalle in sha ruwa sai bawan Allah ya saki baki. Har yau Mai Riƙe Tsani na sa masa a wayata. Yana sona, ina sonsa, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Matsalar ita ce ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya, wai a shagon Baba nake zama ina amsa waya. Yau kuma Hajiya ta ce a kai ni ta gan ni.

Tun da safe Umma ta zaunar da ni bakin gado ta kama hannuna tana dirza masa mai.

"Wannan hannu ne ko gindin tukunya? Dubi kanta, don Allah dubi kanta! Wace uwar miji ce za ta taɓa wannan ta ce tana so?"

"Umma, da shi muke ci."

"Rufe min baki. Ƙannenki duk suna ɗakunansu, ke kina saman ɗakunan mutane. Duk taron da na je sai an tambaye ni, ya babbar taki? In ce musu me? Tana sama?"

Ta koma kan fuskata. Inda ƙyalle ke rufewa fari ne, zagayen ido kuwa rana ta ƙone shi, sai ka ce na kwana da tabarau. Hoda ta yi ta lafta min har na daina gane kaina a madubi. Aka sa min doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, hannunta har wuyan hannu, da mayafi mai santsi da ba ya zama a kai, da takalmi mai tsini na ƙanwata wanda ya matse min 'yan yatsu tun kafin in taka.

Baba na zaune bakin ƙofa yana kwance wata tsohuwar inbata. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Injiniya, ke ce kuwa?"

"Ni ce, Baba."

"To in sun tambaye ki sana'arki fa?"

Umma ta leƙo daga ɗaki. "Malam, don girman Allah kar ka ɓata min shiri."

"Ni ban ce komai ba," in ji shi, ya mai da kai kan aikinsa. Amma na ga sukundirebar na juyawa a wofi, ba ta kama komai ba.

Gwaggo, yayar Baba, ita ce 'yar rakiya. Muna cikin tasi tana min karatu, ki sunkuyar da kai, kar ki yi dariya da ƙarfi, kar ki zauna kamar namiji, sai wayata ta yi motsi. Saƙon Mai Riƙe Tsani ne.

"Kun taso?"

"Muna hanya."

"Don Allah ki tuna. Shago. Waya. Kar maganar rufi ta fito."

"Ƙarya fa ke nan."

"Ba ƙarya ba ce, jinkiri ne. In an ɗaura zan gaya mata da bakina. Kin san Mama, ta sha faɗa, macen da ke hawa sama ba ta zaman gida. Ki taimake ni yau kawai."

Na rubuta masa to. Ku zage ni in kun ga dama. Na gaji da kukan Umma, kuma ina son mutumin.

Muna sauka na ɗaga kai, don mai sola ba ya shiga gida bai kalli rufi ba. Fanel ɗin sun yi ƙura, suna son wanki. Gefensu ga tankin ruwan zafi a kwance, bututun gilashi sun jeru ƙarƙashinsa kamar haƙoran mataji, suna walƙiya a rana. Ni na sa su ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Gwaggo ta mintsine ni, na sauke kai. A bakin ƙofa motar ruwa ce tsaye, an ja tiyo zuwa cikin gida.

A tsakar gida, cikin 'yar inuwar bakin rufi, kakarsa ce kwance kan tabarma, tsohuwa tukuf, ba ta gani sosai. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta shafa kaina ta ce, "Wannan ce kishiyar tawa? Ƙashi gare ta, za a yi dambe." Gwaggo ta yi dariyar dole muka wuce falo.

Hajiya gajeriya ce, ba jiki, carbi a hannu, tabarau a kan hanci. Ƙafata ta fara kallo kafin fuskata. Fanka na juyawa a sama, firji na gurnani a lungu, duk wutar da na haɗa ce, amma na zauna a ƙasa kamar wadda ba ta san inda ake kunna ƙwai ba. Shi kuma gogan yana tsaye jikin labule cikin farar riga, yana goge gilashin da ba abin da ya same shi.

Aka yi gaisuwa, aka kawo lemo mai sanyi. Hajiya ta ce, "Ya jikin babanki? Mutumin kirki. Tun da ya yi mana aikin nan ban ƙara kwana a duhu ba. Ga ruwan zafi, ƙafafun tsohuwa sun samu sauƙi. Yaron nan nasa ma akwai aiki, sai dai ba gaisuwa. Na ce masa sannu, kai kawai ya ɗaga min."

Lemo ya sarƙe ni. Gwaggo ta yi caraf, "Haka yake, Hajiya, miskili ne. Mu ma fama muke da shi."

"Ke kuma an ce a shago kike?"

"Eh, Hajiya." Da kyar ya fito.

"Madalla. Mace da inuwa aka san ta." Ta ja carbi. "Ku yi haƙuri kun same mu a hargitse. Kwana da kwanaki ba ruwa a unguwar nan. Mun tatse tankin sama, mun tatse na ruwan zafi, har famfonsa ya koma hura iska. Sai yanzu motar ta zo." Ta juya wajensa. "Ka kunna injin ruwa ya hau sama?"

"Tun ɗazu, Mama."

Jama'a! Sai lokacin na lura da gunjin injin a bayan gida, ashe da shi muka shigo.

Bari in gaya muku abin da ke nan, don wanda ba sana'arsa ba ce ba zai gane tashin hankalina ba. Bututun gilashin nan, in da ruwa a cikinsu lafiya lau. In suka bushe suka yini a rana, zafin da suke ɗauka ya fi na kaskon suya. Ka tura musu ruwan sanyi da rana tsaka, fashewa za su yi, gilashi ya watsu, tururi ya biyo baya. Sai rana ta faɗi sun huce, ko da sassafe, ake cika su. Duk gidan da muka yi aiki Baba sai ya faɗi wannan. A gidan nan ma ya faɗa. Wa ya gaya wa? Mai gilashi. Ina tsaye ranar, yana ta gyaɗa wa Baba kai, idonsa na kaina. Ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba.

Ruwa tankin sama yake fara shiga. In ya taru ya kai bakin bututu, sai ya gangara da kansa cikin na zafin. Kuma gilashin yana daidai saman inda Kaka ke kwance.

Na tura hannu ƙarƙashin mayafi na lalubo waya.

"Kashe injin yanzu. Gilashi zai fashe."

Na ga ya duba aljihu, ya karanta, ya zame ta bayan labule. Gunjin ya tsaya. Ya dawo yana min wani ɗan murmushi wai shi ya yi abin kai.

"Wa ya kashe min inji?" in ji Hajiya.

"Wani ƙara na ji yana yi, Mama. A bari ya huta."

"Inji ne ko jaki, da zai huta?"

Na sake rubutawa. "Bai isa ba. Ruwa ya riga ya hau. Ka hau rufi, akwai makullin ruwa mai jan hannu kusa da tanki, ka rufe. Ka fara ɗauke Kaka daga wurin."

"Kin san ba na iya hawa. Jiri nake."

"To ɗauke Kaka."

"In ce me ya sa? Mama za ta tambaya wa ya gaya min."

"Ni zan faɗa."

"Ki rufa min asiri. In ya fashe a sayi wani."

"Yarinya," Hajiya ta ce, murya ba wasa, "ina magana kina latsa waya? Ko kiran shagon ne ya biyo ki har nan?"

Gwaggo ta taka min ƙafa da gwiwa. "Ba halinta ba ne, Hajiya. Babanta ne ba lafiya, hankalinta na can."

Na ajiye wayar. Gumi ya fara sauke hodar Umma. Hajiya na tambayata ko na iya girki, ko zan iya zama da tsohuwa, ni kuwa kunnena na kan silin. Na san ƙarar da ruwa ke yi in ya fara shiga busasshen bututu, wani ƙwal-ƙwal ne kamar mai kurkure baki. Ina addu'a kar in ji shi. Na ce a raina wataƙila bai kai ba. Wataƙila injin bai tura da yawa ba. Na dubi mai gilashi, ya haɗa hannu biyu a ƙirji yana roƙona da ido.

Sai na ji shi. Ƙwal. Ƙwal-ƙwal.

"Hajiya," na ce, "a ɗauke Kaka daga..."

Tas!

Kamar an fasa kwalba a kan dutse. Ɓaraguzan gilashi suka gangaro kan kwano, shaaa, muka ji Kaka ta yi salati a waje.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na watsar da takalmin nan a tsakiyar falo, na fita da gudu. Gilashi ya zubo gefen tabarma, kaɗan ya rage ya samu fuskar tsohuwa, tana ta lalube da hannu tana cewa mene ne, mene ne.

"Ɗauke ta!" na daka masa tsawa. "Ɗauke ta, kai ta ɗaki!"

Wannan karon ya ji. Ya sungume ta ya yi ciki. Ni na zaga bayan kicin inda tsani ke jingine, na kinkimo shi na kafa. Na tattare rigar ruwan zuma na ƙulle a ƙugu, dama da wando a ciki, Umma ba ta sani ba. Gwaggo na bayana tana, "Na shiga uku! Ke! Ke! Sauko don ubanki!" Ban waiga ba.

Kwanon rufi da rana tsaka, ƙafa ba takalmi, Allah kar ya nuna muku. Na bi layin ƙusa inda katako yake ƙasa, ina ɗaga ƙafa kamar kaza a kan garwashi. Tururi na fita ta bututun shan iska yana huci. Tankin na kaɗawa. Na naɗe mayafi a hannu na kama jan makullin, ya cije. Ban kai ga juya shi ba wani gilashin ya sake tashi a gefena, na ji abu ya yanke ni a damtse. Na sa hannu biyu na danna da duk ƙarfina, ya juya. Ƙwal-ƙwal ɗin ya tsaya.

Na tsaya ina haki. Biyu sun tafi, sauran sun tsira. Na tattara manyan ɓaraguzan cikin mayafi don kar iska ta turo su ƙasa, na dawo bakin rufi, bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa kullum: "A riƙe tsani!"

Aka riƙe. Na sauko da baya, ƙafa na samun mataki ba tare da na duba ba. Da na taka ƙasa na juyo, shi ne riƙe da tsanin. Hajiya na tsaye tsakiyar gida, carbi ya daina tafiya. Direban motar ruwa ya leƙo ta ƙofa, Gwaggo ta kore shi.

Rigata a ƙulle a ƙugu, kai ba mayafi, hoda ta zama taɓo, jini na bin hannun riga.

"Wa ya nuna miki inda tsani yake?" Hajiya ta ce.

Na sunkuyar da kai.

"Miƙo hannunki."

Na miƙa. Ta juya tafin, ta bi kantar da babban yatsa, a hankali, kamar mai duba yadi a kasuwa. Man Umma bai ɓoye komai ba.

"Ke ce mara gaisuwar."

"Ni ce, Hajiya. Da na amsa za ki ji murya."

Gwaggo ta zube bakin baranda ta dafe kai. "Hajiya, wallahi lalura ce. Ubanta ne ya karye, ba ɗa namiji..."

Hajiya ta ɗaga mata hannu. Ta juya wajen ɗanta.

"Kai. Ka sani?"

Masu karatu, nan ne wurin. Ba fashewar gilashi ba, ba ƙunar ƙafa ba. Na dube shi, zuciyata na cewa faɗa mata, yanzu ne, ba abin da ya rage a ɓoye. Kalma ɗaya ce. Ya cire gilashi, ya mayar. Ya kalli ƙasa.

"Mama, ni dai... shago aka ce min."

Aka ce masa.

Hajiya ta dawo da ido kaina.

"Haka ne? Ke kika ce masa shago?"

Gwaggo na min alama da ido, ki karɓa, ki karɓa, a wuce wurin. Na san lissafinta. In na ɗauki laifin, na ba da haƙuri, na yi alkawarin na bar hawa, wataƙila a gyara. Umma ta samu abin faɗa a taro. Baba kuma ya nemi wanda zai hau masa.

"A'a, Hajiya. Ya sani tun ranar farko. Ni ma na biye masa na yi miki ƙarya a falonki, wannan nawa ne, ki yafe min."

"Haba ke kuwa..." ya fara.

"Kar ka haba ni. Na zauna ina jin ruwa na hawa kan kakarka na yi shiru saboda kai. Kai ka kasa buɗe baki saboda ni." Na juya. "Hajiya, kar a taɓa jan makullin nan. Za a zo a canza biyun da suka fashe, a cika shi da sassafe. Ruwan sanyi kuwa ku kunna injinku, ba abin da zai faru. Gwaggo, tashi mu tafi."

"Ba inda za ki," in ji Hajiya. "Ba a fita min gida da jini."

Ta kama wuyan hannuna, ƙarfinta ya ba ni mamaki, ta ja ni ɗakinta. Ya biyo mu yana cewa, "Mama, bari in ɗauko magani, ai aikina ne." Ta rufe ƙofa a fuskarsa ta murza makulli.

Ta zaunar da ni bakin gado, ta yage hannun rigar da almakashi, ta wanke ciwon. Da zafi, ban yi ƙara ba. Ta jawo roba da ruwa ta ce in tsoma ƙafafu. Kaka na kwance can ƙuryar gado tana tambaya ko kishiyarta ce ta fasa mata gida tun ba a kawo ta ba. Ba wanda ya yi dariya.

Hajiya na naɗa bandeji ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ba zan yi miki daɗin baki ba. Ba na son mace mai hawa rufi. Jiya ba na so, yau ma ba na so."

"Na sani, Hajiya."

"Ba ki sani ba, saurara. Shi wancan ni na haife shi, na san abin da zan yi da shi. Ke nake tambaya." Ta ɗaure bakin bandejin ta ja, sannan ta ɗago ta zuba min ido ta saman tabarau. "In na ce na yarda, da tsaninki da komai, ke har yanzu kina son sa?"

Mai gilashi na bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa a hankali, yana kiran Mama, yana kirana. Gwaggo na bayansa tana tari irin na ki ce eh.

Na buɗe baki in faɗa. Kalmar da na sha faɗa wa Umma, na faɗa wa Baba, na faɗa muku ku ma ba kunya. Hajiya na jira, ruwan robar ya ɗume da zafin ƙafata, na laluba bakina sama da ƙasa, ban same ta ba.